Shanu Na Da Burtali, Ina Dandalin Yara?

Da la'asar sakaliya, in rana ta yi sanyi, yaran Tanut sukan fito daga gida kamar an buɗe wa kaji akurki. An taso daga lakwal, an gama ɗiban ruwa, an ba awaki dusa. Saura wasa. Ƴan maza sukan nemi wuri mai tauri, su aje duwatsu biyu nan, biyu can, su jefa ƙwallo a tsakiya. Sau da yawa wurin nan mai tauri gefen hanyar kwalta ne, ko kuwa tsakiyar hanyar unguwa. Ana cikin gudu sai a ji ƙahon mota. Wani ya sunkuya ya ɗauke ƙwallo, kowa ya matsa gefe, motar ta wuce ta bar su cikin ƙura. Kafin ƙurar ta kwanta sun koma.

Ƴan mata kuwa lungu suke samu, su zana ƴar gala-gala a ƙasa. Ba su kai gida na uku ba sai ga amalanken jaki ɗauke da ruwa, ya bi ta kan zanen ya shafe shi. In sun matsa ƙofar wani gida, maigidan ya leƙo ya ce sun cika masa kunne. Su kwashe duwatsunsu su ƙara gaba.

Yaran nan ba su yi laifi ba. Direban mota hanyarsa yake bi, mai amalanke abincinsa yake nema, maigida kuma yana da ikon hutawa a ƙofar gidansa. Abin da ya kawo rikicin duka shi ne rashin fili. Don haka ya kamata kowace unguwa ta Tanut da ta Belbeji, da ta sauran manyan garuruwan Damargu irin su Bakin Birji da Gangara, ta sami filin da aka keɓe wa yara. A keɓe shi a rubuce, kuma tun yanzu, da sauran ƙasar da ba a gine ba.

Dandalin da

Garuruwan Damargu ba yau suka san filin wasa ba. Tun zamanin da ayarin Abzinawa ke sauka ƙasar nan sayen gero, su kai shi Agadas da Bilma, kowane gari yana da dandalinsa. Wani a ƙofar gidan maigari yake, wani a tsakiyar gari, ƙarƙashin babbar aduwa ko gawo. Ba a yi masa shinge, ba a rubuta shi a takarda, amma babu mai kafa bukka a cikinsa. Kowa ya san na yara ne da samari.

In kaka ta yi, an cika rumbuna, ga farin wata, sai dandali ya cika. Can ana langa, nan ana kokawa, ƴan mata sun yi da'ira suna gaɗa, ƙanana suna wasan ɓuya a bayan turame. Tsofaffi na zaune nesa kaɗan bisa tabarmi, suna hirarsu, amma idonsu na kan yara. In faɗa ya tashi, sarkin samari ya raba. In dare ya yi nisa, wata tsohuwa ta ɗaga murya, kowa ya nufi gida. Da watan azumi, daga dandalin nan ƴan tashe ke tashi su zaga gari.

Ke nan filin wasa kayan gado ne, kamar rijiya da kasuwa. Mai neman a tanade shi yau, abin kakanni yake neman a mayar.

Abin da yaro ke samu a wasa

Mai kallo daga nesa gani yake yara na ɓata lokaci. In ya matso ya duba da kyau, zai ga aiki ake yi.

Ga langa. Kowane yaro ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, yana tsalle da ɗayar. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Kowane ɓangare yana da mutum guda da yake karewa har ya kai wurin sha. Ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya cin langa. Sai an shirya wanda zai tare, da wanda zai buɗe hanya, da wanda zai yarda a ture shi domin ɗan'uwansa ya wuce. Yaron da ya iya wannan ya fara koyon aikin gayya.

Ga gaɗa. Yarinya ta juya baya ta saki jikinta, ƙawayenta su cafe ta su ɗaga. Ba za ta saki jiki ba sai ta amince za a tare ta, su kuma ba za su bari ta faɗi ba, domin zagayen kowa na zuwa. Ga kuma waƙa da tafi, waɗanda ke wasa harshe da kunne.

Ga dara. Ana haƙa gurabe a ƙasa, layi 5 sau 6, wato 30. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12. In duka biyu sun dasa, gurabe 24 sun cika, saura 6. Cikin waɗannan 6 ɗin za a yi ta motsi ana neman jera uku. Mai yin dara yana ƙidaya, yana hangen abin da abokinsa zai yi, yana haƙuri. Ƴar carafke kuma tana wurga dutse sama, ta kwashe na ƙasa bibbiyu ko uku-uku kafin ya sauko. Ido da hannu da lissafi ne ke aiki tare.

Ga masu ƙira. Da ɓargon kara, da gwangwanin madara, da tsohuwar waya, da guntun silifa, yaro yakan haɗa mota mai taya huɗu da sitiyari. Ɗan makiyayi yakan murza laka ya fitar da raƙumi da tozonsa, ko sa mai ƙahon ƙaya. Ba wanda ya ba su zane. Sun duba ne, sun gwada, ta lalace, sun sake.

Akwai wani amfani kuma wanda Damargu ta fi wurare da yawa buƙatarsa. Ƙasar nan mahaɗa ce: ga Hausawa, ga Dagira, ga Buzaye, ga Fulani, ga Larabawa. Manya kan haɗu a kasuwa ko a bakin rijiya, wani lokaci da ciniki, wani lokaci da gardama. Yara kuwa a wasa suke haɗuwa. A nan ɗan Bahaushe ke tsintar kalmomin Tamajak, ɗan Bafillace ya goge Hausarsa. Waɗanda suka yi langa tare suna ƙanana, da wuya su rasa bakin magana da juna ran da shanun ɗaya suka shiga gonar ɗaya.

Likitoci ma suna da tasu magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki sosai na minti 60 kowace rana. Gudu da tsalle suna ƙarfafa ƙashi da zuciya, suna sa barci mai daɗi. Yaron da ya yi barci da kyau shi ke iya sauraron malam da safe.

Gari ya girma, dandali ya shige ciki

Tanut tana kan babbar hanya mai lamba 11, wadda ta tashi daga Damagaram ta nufi Agadas. Tsakaninta da Damagaram kimanin kilomita 150 ne. Belbeji tana yamma da ita, cikin kwarin Tarka. Duka biyun sun girma ƙwarai cikin shekaru hamsin ɗin nan.

Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, sun kashe dabbobi masu yawa. Iyalai da dama da suka rasa garke suka matso gefen gari, wasu ba su koma daji ba. A 2011 Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta, bayan da can tana ƙarƙashin Tanut. Gunduma kuwa tana son ofisoshi da gidajen ma'aikata. A shekarar nan dai aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Bakin Birji, a ƙaramar hukumar Olelewa, sai ma'aikata da ƴan kasuwa da manyan motoci suka ƙaru a hanya.

A ƙidayar jama'a ta 2012 an samu mutum miliyan 17 da ƴan kai a Nijar, kuma rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Gundumar Tanut ta haura mutum dubu 400, ta Belbeji ta kusa dubu 100. Garin Tanut kansa yana da kimanin dubu 20. In an raba dubu 20 biyu, an samu yara wajen dubu 10 a gari guda, tun a wancan lokaci. Yau sun fi haka.

Girman gari abin murna ne. Amma dandali ba ya ɓacewa rana ɗaya, shi ya sa ba a lura. Yau wani ya aje tebur a gefensa yana sayar da sukari da shayi. Baɗi tebur ya zama rumfa. Bayan shekara biyu rumfa ta zama shago. Wani ya jibge tubali ya ce na kwana biyu ne, wani ya kafa turke ya ɗaure tumaki, maƙwabta suka mai da kusurwa guda juji. Wata rana sai a wayi gari an ja katanga.

A sababbin unguwanni kuma abin ya fi sauƙin faruwa. Ran da ake rabon filaye, ɗan kasuwa yana nan, ma'aikaci yana nan, mai neman wurin gareji yana nan. Yaro yana lakwal, ko yana bakin rijiya. Ba a tambaye shi ba, shi kuma bai san ana yi ba.

Inda yara ke zuwa in an kore su

Yaro ba ya barin wasa don an hana shi wuri. Wani wurin yake nema, kuma wuraren da suka rage su ne waɗanda babba ba ya so.

Na farko hanya ce. Babbar mota mai ɗauke da kaya ba ta tsayawa nan take ko direba ya taka birki. Yaro mai bin ƙwallo kuwa ƙwallon kaɗai yake gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. A cikin unguwa ma ga babura, ga amalanke, ga garken da ke dawowa da magariba.

Na biyu kududdufi ne. Inda aka haƙi ƙasar gini, rami ke zama. Ruwan Damargu kaɗan ne, amma in ya zo da ƙarfi, dare ɗaya ya isa ya cika ramin. Daga sama ba a sanin zurfinsa, ƙasansa kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Yaran ƙasar da ba kogi ba su cika iya iyo ba. Ruwan nan kuma shi ne gidan sauro.

Na uku juji ne, inda ake samun fasasshiyar kwalba, da tsohuwar reza, da ƙusa mai tsatsa, ga yara babu takalmi.

Na huɗu shi ne zama. Yaron da ya gaji da kora yakan tafi gidan kallo, ko ya raɓe a shagon mai cajin salula. Yana kallon ƴan ƙwallon Sipaniya da na Ingila suna gudu, shi ƙafarsa na naɗe. Kallo ba laifi ba ne in an yi shi da ƙa'ida. Amma wanda ya yini yana kallon langar wasu ba zai iya langa ba.

Masu cewa ba yanzu ba

Akwai manya masu hankali da ba su yarda da wannan magana ba. Ya kamata a saurare su.

Wasu na cewa: «Damargu ce fa. Duk inda ka duba fili ne. Su fita bayan gari mana.» Gaskiya ne akwai fili a bayan gari. Amma yaro mai shekara biyar ba zai yi tafiyar rabin awa don ya yi wasa ba, uwarsa ma ba za ta bar shi ba. Yarinya kuwa ko kusa. Bayan gari akwai ƙarangiya da tsaida, akwai kunama, babu inuwa, babu idon babba. Kuma bayan garin bana shi ne tsakiyar garin nan da shekara goma. Wanda ya je Damagaram ya ga yadda Birni da Zango suka cushe, ya san inda ƙananan garuruwa suka dosa.

Wasu na cewa: «Yara na da aiki. Ga boko, ga allo, ga kiwo, ga ɗiban ruwa. Ina lokacin wasa?» Ai yawan aikin shi ne dalili. Ko jaki in ya yini da kaya, akan sauke masa mangala ya yi birgima. Ba a ce yaro ya bar aikin gida ba, ba a ce ya bar karatu ba. Awa guda ce tsakanin la'asar da magariba, kuma ko an yarda ko ba a yarda ba, yana yin wasan. Zaɓin da ya rage wa manya shi ne inda zai yi shi, a gefen kwalta ko a wuri mai aminci.

Wasu na cewa: «Wasa na lalata yara, balle ƴan mata.» Abin da ke lalata yaro shi ne wurin da ba mai ganinsa. Fili a tsakiyar unguwa, inda uwa ke iya leƙowa daga ƙofar gida, inda dattawa ke zaune a inuwa, ya fi kango da lungu tsaro nesa ba kusa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƴan mata kuma su suka fi kowa rashi. Su ke daka, su ke talla, su ke goyon ƙanne, in sun sami ɗan lokaci kuma ƴan maza sun riga sun cinye wurin da ƙwallo.

Magana mafi nauyi ita ce ta masu cewa: «Muna fama da ƙishirwa da tsadar hatsi, ana yi mana zancen wasa.» Wannan gaskiya ce mai ɗaci. In kuɗi ɗaya ne, kuma za a zaɓa tsakanin rijiya da lilo, to a haƙa rijiya. Amma matakin farko na filin wasa ba ya cin ko dala. Sa hannu ne a takarda, a ce wannan wuri ba na sayarwa ba ne. Sauran abubuwa suna iya jiran shekara mai albarka. Filin ne ba ya jira. In an gine shi, sai an biya diyya an rushe gidan wani kafin a maido shi, kuma babu hukumar da za ta yi haka don langa. Tun ran gini, ran zane.

Darasin burtali

Mutanen Damargu sun riga sun san wannan dabara, domin sun yi wa dabbobi ita. Manomi yana son faɗaɗa gona, makiyayi yana son hanyar zuwa rijiya da makiyaya. Da aka ga gonaki na cinye hanya, sai aka tsai da burtali. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta ƙarfafa wannan, aka kafa kwamitocin kula da filaye a gundumomi da ƙananan hukumomi da ƙauyuka. A wurare da yawa an kafa turakan siminti a gefen burtali, don kowa ya ga iyaka. Wanda ya shuka a ciki ya san ya taka doka.

Ba a jira saniya ta zo taro ta yi magana ba kafin a yanka mata hanya. Mutane ne suka san amfaninta suka tsaya mata. Haka gari ke keɓe wurin kasuwa, da tashar mota, da filin idi, da maƙabarta. To, rabin jama'ar gari fa, wato yara?

Akwai kuma alkawarin da ƙasa ta ɗauka. Ran 20 ga Nuwamba 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara, Nijar kuma ta shiga cikinta a 1990. Sashe na 31 ya ce yaro yana da haƙƙin hutu da wasa daidai da shekarunsa. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin yara, wadda aka amince da ita a Adis Ababa a 1990, ta faɗi haka a sashe na 12. A 2024 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 11 ga Yuni ta zama ranar wasa ta duniya. Amma a birnin Yamai ake sa hannu, a unguwa ake cika alkawari.

Wane irin fili?

Ba a buƙatar babban filin ƙwallo irin na birni, mai tsawon mita 105 da faɗin 68. Fili mai mita 60 da mita 40 ya ishi unguwa. In an ninka, mita murabba'i 2400 ke nan. In fegin gida guda mita 20 ne da mita 20, wato 400, to filin yara ya ci fegi 6 kacal. A unguwa mai fegi 300, wannan kashi 2 ne cikin 100.

Ya kasance cikin unguwa, inda ƙaramin yaro zai isa ba tare da ya ƙetare kwalta ba. Ya yi nisa da kududdufi da juji. A share shi, a tsince ƙaya da kwalabe, a daidaita ƙasar yadda yaro mai keken guragu ma zai iya shiga.

A raba shi. Gefe guda na ƙwallo da langa. Kusurwa guda ta ƴan mata, wadda ƴan maza ba za su mamaye ba. Kusurwa guda a zuba rairayi don kokawa da wasan ƙanana. Rairayi dai ba a sayensa a Damargu.

Sai inuwa. A watannin Afirilu da Mayu zafi kan wuce awo 40, filin da ba itace kuwa ba mai zuwa cikinsa sai rana ta faɗi. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ita ce ranar dashen itace a Nijar. In kowace unguwa ta dasa nata a gefen filin yara, dogon yaro ko aduwa, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Wahalar itace a ƙasar nan ita ce ruwa da awaki. Maganin awaki shinge ne. Maganin ruwa kuwa, kowane itace a ba shi masu shi: yara biyu ko uku, su riƙa kawo masa ruwan da aka yi alwala ko aka wanke hatsi da shi. Itacen da ke da mai shi ba ya mutuwa da wuri.

Lilo da sauran kayan wasa suna iya zuwa daga baya. Tsohuwar tayar mota, da igiya, da maƙerin unguwa, sun isa a fara.

Aikin wa?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'aikatar magajin gari ita ke da taswirar rabon filaye, ita za ta sa filin yara a ciki, ta ba shi takarda, ta kafa masa turaka kamar na burtali. Sarakuna da masu unguwa su ne suka san tsofaffin dandali da filayen da ba a gine ba tukuna, kuma maganarsu ce ke hana mai tebur zama mai shago. A tsofaffin unguwanni inda ƙasa ta ƙare, filin makaranta yana nan. Kwamitin iyaye da malamai na iya shirya yadda za a bar yaran unguwa su yi wasa a ciki da yamma da lokacin hutu, da babba guda mai sa ido.

Samari ma suna da abin koyi. A zamanin Shugaba Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun gina azuzuwa, sun share garuruwa, sun dasa itatuwa da aikin gayya. Ƴan fada na yau, masu zaman shayi a bakin hanya, ƙarfinsu bai gaza na iyayensu ba. Safiya biyu ta ishe su share fili.

Yara kuma ba ƴan kallo ba ne. Su za su tsince ƙaya, su shayar da itace, su hana zuba shara. Su ne kuma za su nuna wa manya cewa ba a yi asara ba: babba ya bar wa ƙarami wuri, namiji ya bar wa mace nata, wanda aka kayar ya tashi ya ba da hannu. In fili ya zama wurin zagi da jifa, maƙwabta za su nemi a rufe shi, kuma za a saurare su.

A 1975 aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Tun daga nan, duk shekarar da aka yi gasar, jama'a kan kasa kunne a rediyo su ji wanda zai ɗaga takobi. Ba a fara kokawa a gaban dubban mutane. A rairayin unguwa ake fara ta, a sha kaye, a tashi. Cikin yara dubu 10 na Tanut wataƙila guda ne zai kai babban fage. Sauran za su zama manoma, da makiyaya, da malamai, da ungozoma, da direbobi. Dukansu suna buƙatar ƙafa mai ƙarfi, da sanin yadda ake bin ƙa'ida, da abokan ƙuruciya.

Masu awon ƙasa za su sake zuwa da igiyarsu, a Tanut ko a Belbeji, domin gari bai daina girma ba. Ranar nan ya kamata a samu dattijo ko uwa da za su miƙe a wurin rabo su ce: «Fegi shida na yara ne.» In an rasa mai faɗin haka, igiya za ta wuce, yara kuma su koma gefen kwalta da duwatsunsu huɗu.

Tambayoyi

1. Waɗanne wurare huɗu ne yara ke zuwa in babu filin wasa? Mene ne haɗarin kowanne?
2. Me ya sa aka kwatanta filin wasa da burtali?
3. Mene ne ma'anar «Tun ran gini, ran zane» a cikin wannan karatu?
4. Fili mai mita 50 da mita 40, fegi nawa ya ci, in kowane fegi mita murabba'i 400 ne?
5. Cikin dalilan masu cewa «ba yanzu ba», wanne ya fi ƙarfi? Don me?

Aiki

Kowane ɗalibi ya tambayi wani tsoho ko wata tsohuwa a gidansu inda dandalin unguwa yake a da, da abin da ke wurin yanzu, da wasanni uku da ake yi a cikinsa. A kawo amsa aji, a zana taswirar unguwa a allo, a sa alama a duk inda fili ya rage.